An ce mata akwai kulli a mamanta, sai kuma me?

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, sai shafukanmu su cika da hotunan mata sanye da riguna da huluna ruwan hoda, ana tattaki, ana raba takardu, ana cewa watan yaƙi da sankarar mama ne. Ba na raina wannan aikin, domin ni ma na taɓa sa rigar na bi sahu. Sai dai tun rasuwar Gwaggona, in na ga hotunan nan zuciyata ba ta tsayawa kan masu murmushi a gaban kyamara. Matar da ke can ƙarshen layi nake tunawa, wadda aka lalubi ƙirjinta aka ce mata akwai wani abu, aka miƙa mata takarda, sannan aka naɗe rumfuna aka loda kujeru a mota aka koma birni.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, a ƙauye take aure. Wata rana wata ƙungiya ta zo filin firamaren garinsu da lasifika, aka ce mata su fito za a duba su kyauta. Ta fita, ba don tana jin wani ciwo ba, sai don maƙwabtanta sun fita. Malamar da ta duba ta ta ji kulli a maman hagu, bai wuce girman gurjiya ba. Ta ce mata, "Baba, ki daure ki je babban asibiti," ta rubuta mata takarda da Turanci. Gwaggo ta ninke takardar gida huɗu ta jefa a cikin kwallar da take ajiye turare da 'yan kuɗin adashi. Wata goma sha ɗaya takardar nan ta yi a wurin.

Kafin wani ya ce jahilci ne, ya dakata. Gwaggo mace ce mai lissafi, ita ke riƙe da adashin matan unguwarsu, kuma ba a taɓa jin kobon wani ya yi ciwon kai a hannunta ba. Lissafin ne ma ta yi. Abin ba ya mata zafi. Damina ta faɗi, kuɗin gida duk sun tafi taki. Maigidanta ya ce a bari kaka ta yi. Ba ta san wane ne babban asibitin ba a cikin manyan asibitocin birni, ba ta san ƙofar da za ta shiga ba, ba ta san nawa za a ce ta kawo ba. Ga kuma maganar da kowa ya tashi da ita a kunnensa, cewa daji ba ya son ƙarfe, da zarar allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fantsama. Mai magani kuwa yana nan bayan kasuwa, yana jin yarenta, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, kuma ba ya ce mata ta dawo ranar Talata. In ke ce, ina za ki fara zuwa?

Ranar da na je na tarar tana ɗaga hannu da ƙyar, na ce, "Gwaggo, me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Ta ce, "'Yar nan, da wane bakin zan faɗa miki ciwo a wannan wurin?" A lokacin fatar ta riga ta koma kamar ɓawon lemo, kan maman ya shige ciki, ga ƙululu a hammata. Mun yi iya yinmu. Allah ya ji ƙanta, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Shi ya sa duk lokacin da na ji an ce wata ƙungiya ko gidauniya ta haɗa hannu da ƙananan asibitocin unguwanni da ƙauyuka don duba mata, nakan yi murna, sannan in yi tambaya ɗaya: bayan an ji kullin, wa zai riƙe hannun matar nan har ta ga ƙarshen maganar? In babu amsa, to an dai sanar da ita masifa an bar ta da ita.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kusan miliyan 2.3, kuma kimanin 670,000 suka rasu. Ƙiyasin shekarar 2020 ya nuna a Najeriya kaɗai sabbin masu cutar sun haura 28,000, waɗanda suka rasu sun haura 14,000, kuma ita ce sankarar da ta fi kowace yawa a tsakanin matanmu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tazarar da ke tsakaninmu da wasu. A ƙasashe masu arziki, cikin mata goma da aka gano suna da cutar, fiye da tara suna nan da ransu bayan shekara biyar. A Afirka ta Kudu, wadda ta fi mu kayan aiki nesa ba kusa ba, hukumar ta ce kusan huɗu ne cikin goma. Cutar ɗaya ce. Bambancin yana ga lokacin da aka kama ta da kuma ko an kai ƙarshen magani. Yawancin matanmu sai ciwo ya kai mataki na uku ko na huɗu suke isa gaban likita.

A 2021 hukumar ta fito da wani shiri na duniya kan sankarar mama, ta kafa shi a kan duwatsun murhu uku. Na farko, a riƙa gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari na masu cutar tun tana mataki na ɗaya ko na biyu. Na biyu, daga ranar da mace ta fara kai kukanta asibiti zuwa ranar da za a tabbatar mata da abin da ke damunta, kada ya wuce kwana 60. Na uku, aƙalla kashi 80 cikin ɗari na waɗanda suka fara magani su kammala shi. Mu a nan dutse na farko muke ta yi wa ado, shi ke da hoto, shi ke da taro da jawabi. Tukunya kuwa ba ta zama a kan dutse ɗaya. Ku lissafa kwana sittin ɗin nan da takardar Gwaggo ta wata goma sha ɗaya.

Akwai kuma wani ruɗi da ya kamata mu fita daga cikinsa, wato ɗaukar cewa duba mama na nufin babbar na'urar hoto ta mamogiram. Na'urar tana da amfani, babu musu. Amma tana son wuta mai ɗorewa, da mai sarrafa ta, da ƙwararren likitan da zai karanta hoton, da injiniyan da zai gyara ta in ta tsaya. Asibitin sha-ka-tafi da ke haihuwa da fitilar waya ina shi ina wannan? Sannan na'urar ba ta gani sosai a maman mace mai ƙuruciya saboda tsokar a cushe take, alhali a wajenmu cutar tana yawan kama mata 'yan shekara arba'in da ɗoriya, wasu ma ba su kai ba. Wanda ya kawo wa ƙaramin asibiti na'ura ba tare da waɗannan ba, ya kawo masa kayan da za a lulluɓe da zani ne kawai.

Abin da ya dace da ƙarfinmu hannu ne, hannun ma'aikaciyar lafiya da aka koya wa aikin da kyau. Kuma wannan ba zancen fatar baki ba ne, an gwada. A Mumbai ta ƙasar Indiya, asibitin Tata Memorial ya fara wani bincike a 1998 da mata sama da 150,000 na unguwannin talakawa. Waɗanda suka yi aikin dubawar ba likitoci ba ne, mata ne masu ilimin sakandare da aka horar, suna duba matan duk bayan shekara biyu. An bi lamarin shekara ashirin, sakamakon ya fito a 2021: an riƙa kama cutar da wuri, kuma a tsakanin mata masu shekara 50 zuwa sama mace-mace ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari. Gaskiya ɗaya ce, a wajen waɗanda ba su kai hamsin ba ragin bai fito fili haka ba, don haka kada mu yi wa abin kirarin da ya fi ƙarfinsa. Amma a lura da wani abu: matan nan masu dubawa ba su kaɗai suke ba, akwai katafaren asibitin daji a bayansu da zai karɓi duk wadda suka turo.

Kusa da mu ma, a jihar Jazira ta Sudan, an taɓa horar da 'yan matan ƙauyuka 'yan sa-kai suna bin gida-gida suna duba mata, har suka duba kimanin dubu goma, aka kuma samu waɗanda ciwonsu bai yi nisa ba. Mutanen da al'adarsu ta kunya da kulle ba ta da nisa da tamu ke nan.

Misalin da ya fi burge ni shi ne na Ruwanda. A 2012 gwamnatin ƙasar, tare da ƙungiyar Partners In Health da cibiyar Dana-Farber ta Amurka, suka buɗe cibiyar maganin daji a Butaro, can cikin tsaunukan gundumar Burera, ba a babban birni ba. Da suka ga mata na zuwa a makare, sai suka sauka ƙasa. Suka horar da ma'aikatan lafiya na ƙauye su san alamomi, suka horar da nas-nas na ƙananan asibitoci su iya dubawa su kuma bambance abin da za a yi wa magani a nan da wanda za a tura gaba, aka ware ranar duba mama, kuma ƙwararru suna zagayowa suna zama da su a kan aiki. Wannan zagayowar ita ce sirrin. Horon kwana uku a otal da kuɗin zama da jaka mai tambari kowa ya iya shi. Wanda zai dawo bayan wata ɗaya ya tsaya kusa da malamar asibiti ya ce mata "sake taɓawa nan, me kika ji?" shi ne abokin tafiya.

Kada a ɗauka matsalar ta baƙar fatar Afirka ce kawai. A unguwar Harlem ta birnin New York, wani likita mai suna Harold Freeman ya lura matan talakawa, yawancinsu baƙaƙen fata, suna zuwa masa da sankarar da ta riga ta ci ƙarfinsu, a ƙasar da asibitoci suka yi yawa. A 1990 ya fito da tsarin 'yan rakiya: mutum guda da aikinsa shi ne ya bi mace daga ranar da aka ga wani abu a jikinta, ya sama mata ranar ganin likita, ya warware mata maganar kuɗi da takardu, ya kira ta in ba ta zo ba. Da aka haɗa wannan da dubawa kyauta ko a farashi mai sauƙi, yawan masu kai shekara biyar a raye a asibitin ya tashi daga kashi 39 zuwa kashi 70 cikin ɗari. In matar New York na buƙatar ɗan rakiya, ina ga Gwaggona da ba ta taɓa hawa bene ba?

Mu kuwa rakiya a jininmu take. Ba a kai amarya ita kaɗai, ba a zuwa gaisuwar mutuwa a ɗaiɗaice, mai jego ba ta rasa mai zama da ita. Kuma mun riga mun ga abin da mata masu shiga gida-gida za su iya. Wa ya manta yadda aka juya wa rigakafin shan-inna baya a Arewa a 2003? Abin da ya dawo da amana bai wuce sarakuna da malamai da suka sa baki ba, da matan unguwa masu hijabi da suka riƙa sallama gida-gida, sun san wadda ta haihu da wadda ta yi baƙi, har aka kai 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Matan nan suna nan. Ungozomomi suna nan, kuma babu wanda ya kai su ganin jikin mace ba tare da ta ji nauyi ba. Malamar awo tana ganin mata ɗari a mako. Duk wanda ke son haɗin gwiwa na gaskiya, ga mutanensa nan a ƙasa, ba sai ya ɗauko wasu daga Abuja ba.

Sai dai awo da rigakafi suna da iyaka, domin matan da suka fi shiga haɗari su ne waɗanda suka daina haihuwa, kuma su ne suka daina zuwa asibiti. Tsohuwa ba ta da dalilin taka ƙofar sha-ka-tafi sai in ta kawo jika ko hawan jini ya motsa. Su za a bi zuwa Islamiyyar matan aure, da gidan suna, da wurin adashi. A gaya musu a fili cewa yawancin kullin da ake ji a mama ba daji ba ne, musamman a jikin 'yan mata, amma babu mai iya rantsuwa sai an duba. A gaya musu rashin zafi ba shaidar lafiya ba ce, kullin daji sau da yawa shiru yake yi. A gaya musu alamomin: kulli a mama ko a hammata, kan mama ya shige ciki, ruwa mai jini yana fita, fata ta canza. Ba sammu ba ne, ba aikin kishiya ba ne, ba a kuma ɗaukarsa a wajen wani. Shayarwa tana rage haɗari amma ba ta hana shi, don haka uwar 'ya'ya goma kada ta ce ta tsira. Har maza ma yana kamawa, ko da yake kaɗan ne ƙwarai.

Maganar daji ba ya son ƙarfe kuwa, ina ganin na san inda ta samo asali. Mutane sun daɗe suna ganin an kai mace asibiti an yi mata aiki ta mutu ba da jimawa ba. Abin da ba su gani ba shi ne ciwon ya riga ya kai huhu ko hanta ko ƙashi tun kafin wuƙa ta taɓa ta. Wa'azi ba zai kashe wannan imani ba. Abin da zai kashe shi mace ce 'yar garin, da aka ɗauki ɗan namanta aka kai gwaji, aka yi mata aiki, ta sha kemo, wato maganin daji mai ƙarfi, gashinta ya zube ya sake fitowa, ga ta nan tana tuya a ƙofar gida bayan shekara bakwai. Irin wannan matar ɗaya ta fi allon talla ɗari.

Maza, ku ma da ku nake. A gidaje da yawa mace ba ta fita sai da izini, kuma kuɗin mota a aljihunku yake. Akwai matan da ke ɓoye ciwo don tsoron in an cire mama za a yi musu kishiya ko a ba su takarda, kuma tsoron nan ba daga iska suka ɗauko shi ba, sun ga an yi wa wasu. Duk shirin da bai zauna da limamai da masu unguwanni da majalisar ƙofar gida ba, rabin aiki ya yi.

Ba wai babu masu ƙoƙari a ƙasar nan ba. Tun 1997 Betty Anyanwu-Akeredolu, wadda ita kanta ta yi fama da cutar ta warke, ta kafa ƙungiyar BRECAN a Ibadan. A Arewa, Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta daɗe tana wannan fafutuka da gidauniyarta ta Medicaid, har a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta babbar ƙungiyar yaƙi da daji ta duniya, 'yar Afirka ta farko da ta kai nan. Project PINK BLUE a Abuja na aikin rakiyar marasa lafiya. Gwamnatin tarayya ta buɗe asusun tallafa wa marasa galihu masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma asibitocin koyarwa na Zariya da Gombe na cikin waɗanda aka fara da su. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. A Nijar ma, a 2021 aka fara aikin gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, a cibiyar daji ta Yamai, abin da a da sai an fita ƙasar waje. Amma daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. Kuma matar ƙauyen Jigawa ko Zamfara wa zai gaya mata akwai wani asusu, balle ya cika mata takardunsa? Abubuwan suna nan a warwatse kamar tsakiyar da zarenta ya tsinke, kuma zaren shi ne ƙaramin asibitin da ke kusa da gidanta.

Saboda haka in wata ƙungiya ta zo ƙaramar hukumarku da zancen haɗin gwiwa, ku karɓe su hannu bibbiyu, ku ba su ruwa, sannan ku tambaye su. Wa za ku horar, kuma yaushe za ku dawo ku ga aikinsa? Wane asibiti ne ya amince zai karɓi matan da aka tura, wace rana, wa za su nema? Wa zai biya kuɗin hoto da na gwajin nama ga wadda ba ta da shi? Sakamako zai dawo nan ne ko sai ta sake yin tafiya? In sun ce mata dubu biyu suka duba, ku ce madalla, nawa aka samu da kulli, nawa suka isa asibiti, nawa suka gama magani? Wanda ya zo don aiki zai ji daɗin tambayoyin nan. Wanda ya zo don hoto zai fara duba agogo.

Kwanakin baya na raka maƙwabciyata ƙaramin asibitin unguwarmu, ita ma ta ji wani abu a jikinta, kuma wannan karon ban bari an kwana biyu ba. Malamar da muka samu ta duba ta a tsanake, sannan ta jawo wani littafi mai bangon kwali da ya sha hannu. Ita ta ja layukansa da biro: suna, unguwa, lambar waya, lambar miji ko ɗa, ranar da aka tura, ranar da ta dawo. Wasu layukan ta yi musu alama da ja. Na tambaye ta jan fa? Ta ce waɗanda ba su dawo ba ne, su take bi da kira duk ranar Alhamis, da katinta. Wata ta kira ta sau shida kafin mijin ya yarda.

Na ce, "Malama, da a ce wata ƙungiya za ta zo ta ce ki faɗi abin da kike so, me za ki ce?"

Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, a ba ni kuɗin kati da na motar matan nan. Sannan a ba ni mutum ɗaya a babban asibiti wanda in na kira zai ɗauka."

Ta rubuta sunan maƙwabciyata a layi na gaba, ta ce mu tafi ranar Litinin da sassafe, kuma in mun dawo mu biyo ta nan kafin mu wuce gida.